Yadda Masu Sana'a Ke Wanke Kafet Na Gida, Daga Kakkaɓa Zuwa Shanya

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, ko Babbar Sallah ta matso, tambayar da ake yi mini a nan Garwa, arewacin Kamaru, kusan iri ɗaya ce: "Mun wanke kafet, ya bushe, amma ɗaki sai wari yake, kuma kafin wata guda ya fi da dauɗa. Me muka yi ba daidai ba?" Yawanci amsar ba ta wuce abu uku: an jiƙa shi da ƙasa a ciki, an bar sabulu a jikinsa, ko an naɗe shi bai gama bushewa ba. Wankin kafet aikin fitarwa ne. Duk abin da ka zuba masa, ruwa ne ko sabulu, sai ka san ta yadda za ka fitar da shi kafin ka zuba.

Ga yadda muke bi, ko da inji ko da hannu.

1. Gane irin kafet ɗin da ke gabanka

Kafin ka ɗebo ruwa, juya bayansa ka duba takardar da ke manne a kusurwa. Idan ta ɓalle, zare silili ɗaya daga gefe ka kyasta masa ashana, nesa da kafet ɗin.

Idan ya narke ya dunƙule kamar leda, zaren roba ne. Mafi yawan kafet ɗin da ake shigowa da su kasuwanninmu daga Turkiyya, musamman na masaƙun Gaziantep, irin wannan ne, zaren da ake kira polypropylene. Ka jefa sililinsa a kofin ruwa za ka ga yana yawo a sama. Shi ne mafi haƙuri da wanki, ba ya shan ruwa sosai, launinsa ba ya saurin zuba. Rauninsa biyu: yana son maiƙo, kuma zafi na narka shi.

Idan ya yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa, ulu ne, gashin tumaki. Wannan sai a hankali. Idan kuma ya ci da sauri kamar takarda, ya bar toka mai laushi, auduga ce ko kuma wannan zaren mai sheƙi da ake sayar wa mutane da sunan siliki, wato viscose. Shi dai viscose shawarata kada mai koyo ya taɓa shi da ruwa. Ƙarfinsa raguwa yake idan ya jiƙe, gashinsa ya kwanta, ya yi ɗorawa-ɗorawa, kuma ba ya dawowa yadda yake.

Sai gwajin rini. Jiƙa farin tsumma da ruwan sabulun da za ka yi amfani da shi, danna shi a kan wuri mai ja ko shuɗi a can kusurwa, ka bar shi minti biyar. Idan launi ya fito a tsumman, kafet ɗin yana zuba, ba na jiƙawa sharkaf ba ne.

Gargaɗi: idan na mutane ne, ka zagaya shi tare da mai shi, ka ɗauki hoto da waya. Na taɓa karɓar wani babban kafet na falo da yamma ban duba ba. Da ya bushe sai ga ramuka uku baƙaƙe a tsakiya, inda garwashin turaren wuta ya faɗo daga kasko, dauɗa ce ta rufe su tun da daɗewa. Uwar gidan ta ce, "Malam, ai lafiya lau na ba ka shi." Na ce, "Hajiya, ki taɓa ki ji, ƙuna ce, ruwa ba ya yin haka." Da ƙyar aka rabu, kuma rabin kuɗina na bari.

2. Haɗa kayan aiki

Wanda zai yi da hannu yana buƙatar buroshi mai laushi mai doguwar sanda, ƙaramin buroshi na tabo, bokiti biyu, tiyo, fararen tsummoki masu yawa, cokali, jarkar feshi irin ta manoma wadda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba, safar hannu ta roba, da abin jan ruwa mai bakin roba da masu shaguna ke kira raklet. Wannan raklet ɗin, duk da arharsa, shi ne rabin aikin.

Mai son ya maida abin sana'a zai ƙara injin zuƙe ƙura, zai fi kyau wanda ke iya zuƙar ruwa. Daga nan sai injin da ke fesa ruwa ya zuƙe shi nan take, irin Puzzi na kamfanin Kärcher, wanda ƙaramin samfurinsa na 10/1 ke ɗaukar ruwa lita 10. Akwai kuma injin buroshi mai faifai ɗaya da ake kira monoburos. Idan ka ga kuɗin inji da Yuro a intanet, lissafin ba wuya, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi: injin Yuro 1,000 ya kama kusan sefa 656,000, kafin kuɗin jigila da na kwastan. Don haka nake ce wa masu farawa su fara da injin zuƙa kawai, sauran su biyo baya idan aiki ya kankama.

Kayan wanki: sabulun kafet na ruwa idan ka samu, in ba haka ba sabulun wanke kwanuka na ruwa, ruwan kal fari da ake sayarwa a kanti da sunan vinaigre blanc, garin bikarbonat, alkol na kantin magani, da ruwan oxygénée mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, wanda za ka ga an rubuta 10 volumes a kwalbarsa.

Gargaɗi: omo na gari da sabulun sanda na wankin tufafi ne, ba na kafet ba. Kumfarsu ba ta ɗaurayuwa daga cikin gashi, kuma abin da ya saura yana yin danƙo yana kama ƙura. Kanwa kuwa, duk da tana cin maiƙo, tana busar da ulu ta sa shi karyewa.

3. Fitar da busasshiyar ƙasa

Nan ne mutane suka fi yin ha'inci, kuma nan ne aikin yake. Mafi yawan dauɗar kafet busasshiya ce: yashin da ƙafa ke shigowa da shi daga tsakar gida, ƙurar hunturu da ke shigowa ta taga tun daga Disamba har Fabrairu, gashi, ɓurɓushin abinci. Muddin ka zuba ruwa a kan wannan, ka kwaɓa taɓo ke nan a gindin zare, kuma fitar da taɓo ya fi fitar da ƙura wuya sau goma.

Idan kafet ɗin na ɗagawa ne, fitar da shi waje ka kifa shi, fuska a ƙasa, a kan daɓen siminti mai tsabta. Bubbuga bayansa da faffaɗan katako ko guntun tiyo, daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗaga ka gani. Za ka tarar da yashi ya zana siffar kafet ɗin a ƙasa, wani lokaci har ya cika kwanon sha. Share, sake kifawa, sake bugawa, har sai abin da ke zuba ya zama kaɗan. Kafet ɗin falo da ya shekara bai fita ba yakan ci zagaye uku ko huɗu. Sannan a juya shi a bi fuskarsa da injin zuƙa a hankali, tsaye da kwance, ba gudu ba.

Idan moket ne da aka manne daga bango zuwa bango, ba halin bugawa, injin zuƙa ne kawai. Ka fi daɗewa a bakin ƙofa, gaban kujeru da jikin bango.

Gargaɗi: sa takunkumi. Kada kuma ka rataye tsohon kafet a katanga kana jibgarsa da sanda mai kauri, ƙullin bayansa fashewa yake.

4. Tabo, ɗaya bayan ɗaya

Ƙa'idar tabo ita ce dannawa, ba dirza ba. Ka fara daga gefen tabon ka nufo tsakiya, kana sauya wurin tsumma duk lokacin da ya ɗauki launi. Dirza tana faɗaɗa tabo, tana kuma tsefe gashin kafet ya zama kamar kan da bai ga mataji ba. Ruwan tabo na yau da kullum shi ne ƙaramin cokali ɗaya na sabulun kwanuka a cikin lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi.

Shayi da kofi: ruwan sabulu tukuna, sannan kal kashi ɗaya a ruwa kashi biyu. Idan shayin da madara ne sai ka ɗauraye sosai, don madarar ce ke wari daga baya.

Zoɓo, wanda a nan muka fi sani da folere, da kuma jan goro: hanya ɗaya da shayi. Idan launi ya ƙi fita kuma kafet ɗin roba ne mai haske, ɗiga ruwan oxygénée, rufe da tsumma, ka ba shi kamar awa ɗaya. Gwada a kusurwa tukuna.

Man ja da miya: kankare abin da ya daskare da cokali. Barbaɗa bikarbonat ko garin sitaci ya kwana ko ya yi awanni yana shan man, zuƙe shi, sannan sabulun kwanuka. Zaren roba yana riƙe mai, don haka sai an maimaita. Kada ka zuba fetur ko kalanzir. Suna narka gam ɗin da ke riƙe bayan kafet, warinsu ba ya barin ɗaki, ga haɗarin gobara.

Jini, musamman bayan layya: ruwan sanyi kawai. Ruwan zafi dafa shi yake ya kama zare.

Tawadar biro: alkol a tsumma, ba a kan kafet kai tsaye ba. Cingam: ɗora ƙanƙara a leda har ya sandare, ka ɓamɓare.

Lalle kuwa rini ne, ba dauɗa ba. A kan ulu da wuya ya fita gaba ɗaya, kuma gara ka faɗa wa mai kaya gaskiya da wuri. Garin neman gira ake rasa ido: na ga wanda ya bi tabon lalle kamar girman kwabo da javel, wato ruwan bilic mai sa tufafi fari, ya ƙare da farin fili kamar faranti.

Fitsarin yara shi ne wanda ya fi yawa a gidajenmu, kuma shi ya fi buƙatar haƙuri, domin abin da ke sama kaɗan ne, sauran ya gangara ƙasa ya bushe ya zama gishiri. Shi ya sa wari ke tashi da damina ko da an goge. Jiƙa wurin da kal da ruwa rabi da rabi har ya kai gindi, ba shi minti 15, zuƙe ko ka taka tawul a kai, ka maimaita. A ƙarshe kwarara ruwa zalla wanda ba a haɗa shi da komai ba, ka fitar da shi. Ban da tsabta, wannan ruwan na ƙarshe shi ne abin da mutane ke nema don su yi salla a kai hankali kwance.

Gargaɗi mai girma: kada ka taɓa haɗa javel da kal, kada kuma ka zuba javel a kan fitsari. Dukansu biyu suna tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu, musamman a rufaffen ɗaki. Javel kuma narkar da ulu yake ɗungurungum.

5. Fesa sabulu, ka ba shi lokaci

Haɗa sabulun kafet yadda aka rubuta a jikin robarsa. Ƙara masa ƙarfi ba ya ƙara tsabta, aikin ɗauraya kawai yake ƙara maka. Fesa da jarkar feshi har gashin ya yi laima, bi shi da buroshi mai laushi ko monoburos, ka bar shi minti 10 zuwa 15. Ruwa mai ɗumi ya fi aiki a kan zaren roba. Ulu kuwa ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan. Kada ka bar sabulun ya bushe a kai. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, yi aikin da sassafe, a inuwa, kuma kashi-kashi.

6. Wanki da ɗauraya

Hanya biyu ce, gwargwadon kafet ɗin.

Na ɗagawa, mai zaren roba, ana wanke shi a waje. Shimfiɗa shi a kan siminti mai ɗan gangare, ko a kan tamfol. Shafa hannu ka gane inda gashin ya kwanta, domin ta nan za ka riƙa tura ruwa. Sakar masa tiyo daga sama, kana bin sa da raklet kana turo kumfa zuwa ƙasa, layi-layi. Ruwan farko zai fito kamar kunun kanwa. Ci gaba. Juya bayan ma ka ɗauraye. Ba ka gama ba sai ruwan da raklet ke turowa ya fito garau, kuma idan ka murza gashin da tafin hannu babu kumfa ko santsi. A zagaye na ƙarshe nakan zuba rabin kofin kal a bokitin lita 10 in watsa, in sake ja da raklet. Yana kashe ragowar sabulu, gashi ya yi laushi.

Masu wankin mota da yawa suna karɓar kafet, su bi shi da injin ruwa mai ƙarfi. A kan zaren roba ba laifi idan an buɗe bakin injin ya yi faɗi, an kuma nisanta shi kamar kamu ɗaya. Idan aka matso da shi, yanka gashi yake ya bar layi. Ulu da viscose kada su je can ko da wasa.

Wankin bakin kogin Binuwai kuma, na san an saba, amma ba na so. Da damina ruwan ja ne, yashin da ka sha wahalar fitarwa shi kake mayarwa, ga tsargiya da ake ɗauka a irin waɗannan ruwaye. Idan ruwan rijiya ko na kogi ne kawai gare ka, tara shi a duro ya kwana ya kwanta, ka ɗebi na sama.

Moket da aka manne, da duk kafet ɗin da bayansa na igiyar buhu ne, ba a kwarara musu ruwa. Nan ne injin feshi da zuƙa ke aiki. Zuba ruwa zalla a tankinsa, tunda sabulu ya riga ya shiga a mataki na 5. Fara daga kusurwar da ta fi nisa da ƙofa kana ja da baya. Ja ɗaya kana fesawa, ja biyu kana zuƙa kawai, kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi. Bakin injin yawanci garau yake, don haka kana ganin ruwan da ke hawa. Idan ya daina hawa, matsa gaba. Wanda ba shi da injin sai ya yi da kumfa kaɗan da tawul mai laima, yanki-yanki, ya san cewa sama kawai ya wanke.

Gargaɗi: ruwa ya yi yawa a kan bayan igiyar buhu, kafet ya tsuke, launin ƙasa-ƙasa ya hau sama yayin bushewa. Sannan wutarmu volt 220 ce, kai kuma kana tsaye a jiƙa. Rataye mahaɗin waya sama da ƙasa, sa takalmin roba, kada ka yi aiki da wayar da aka ɗaure da leda.

7. Shanya

Kafet ya kamata ya bushe cikin yini ɗaya. Idan ya wuce awa 24 zuwa 48 da laima, funfuna ta fara, kuma wannan warin rima da ake kuka da shi daga nan yake fitowa. Turaren wuta ba ya kashe shi, rufe shi kawai yake na kwana biyu.

Bayan raklet, naɗe shi ka jingina shi a tsaye kamar rabin awa ya tsane. Sannan ka shanya shi yadda iska za ta shiga sama da ƙasa: a kan bututun ƙarfe mai kauri mara tsatsa, ko a kan benci biyu ko uku. Igiya siririya tana barin karya a tsakiya. Idan a rana ne, bayansa ya kalli rana, fuskar a ƙasa, don ranarmu tana kashe launi, ja da shuɗi musamman. Da bayan ya bushe a maida shi inuwa a juya.

Da hunturu awanni kaɗan sun isa, matsalar ita ce ƙura, don haka a shanya a inda katanga ta tare iska. Watan Agusta shi ne mai wuya, kuma mutanen Ngaundere, da damunarsu ta fi tamu tsawo ga sanyin tudu, sun fi kowa sanin haka. A irin wannan lokaci, idan ba ka da fanka da rumfa, gara ka ɗage aikin. Na ɗaki kuwa a buɗe tagogi, a kunna fanka tana hura fuskar kafet, a hana yara shiga.

Kada fuska ta ruɗe ka. Tura yatsa har gindin gashi, ka taɓa bayan, musamman gefuna da geza. In ka ji sanyi, bai bushe ba.

Gargaɗi: kada a maida kujeru a kan kafet mai laima. Ƙafar ƙarfe tsatsa take bari, ta katako kuma fenti, kuma duka biyun sun fi tabon farko wuyar fita. Idan dole ne, sa guntun leda mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa.

8. Tajewa da dubawa

Tun yana da ɗan laima ka bi shi da busasshen buroshi ta inda gashi ya kwanta. Bayan ya bushe a sake zuƙe shi sau ɗaya. Idan wani tabo ya dawo, daga gindi ya hau. Ɗan jiƙa wurin, ninka farin tawul ka ɗora, danne da abu mai nauyi ya kwana. A naɗe shi, ba a ninke shi.

9. Lissafin kuɗi

Kada ka yi ciniki da ido, auna. Tsawo sau faɗi: mai mita 2 da 3 murabba'in mita 6 ne, mai 3 da 4 kuma 12, wato ninki biyu na ruwa, sabulu da ƙarfi, duk da a ido ba su yi nisa ba. Ka tsayar da kuɗin murabba'in mita ɗaya. A ce ka tsayar da sefa 500, na farko 3,000 ke nan, na biyu 6,000. Wannan misali ne kawai. Naka zai fito ne bayan ka haɗa kuɗin ruwa, sabulu, wuta ko man janareto, ladan yaron da ke taya ka, kuɗin moto mai ƙafa uku zuwa da dawowa, da ɗan abin da kake warewa don gyaran inji. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, sai ranar da injin ya tsaya.

Ulu, fitsari da man ja kuɗinsu daban, kuma a faɗa kafin a fara. Ga masu gida kuma, ba a fafe gora ranar tafiya: a kawo kafet mako biyu kafin Sallah. Wanda aka kawo ana jajibiri, ko dai a ƙi karɓa, ko a dawo muku da shi da laima a gindi.